SSD mai giga 256 ko HDD mai tera 1?

Malam, tsakanin waɗannan ma'ajiyan bayanai biyu da ka ce ka rasa wanda za ka sa wa laftof ɗinka mai jinkiri, ɗauki SSD ɗin. Masu ce maka tera 1, wato giga 1,000, ya fi auki ba su yi ƙarya ba, sai dai ba ƙarancin wurin ajiya ne ke sa kwamfuta jan ƙafa ba.

Ina da ɗan shagon buga takardu a wani ƙauye gefen Ringim, kuma tsohuwar kwamfuta ƙirar HP ce jarina. A da in na kunna ta da safe sai in je in yi shara, in yayyafa ruwa a ƙofar shago, in dawo in tarar tana nan tana juyi. Lokacin fitar da silif ɗin JAMB yara su cika benci, ni kuma sai ba da haƙuri. Ranar da aka sa mata SSD aka zuba sabon Windows, kafin in gyara zama ta buɗe, har na zaci ba a kashe ta ba ne. Shekara uku ke nan. Dalilin kuwa a fili yake: HDD faifai ne ke juyawa a ciki, sau 5,400 a minti a yawancin laftof, da wani ɗan hannu mai laluben bayanai kamar allurar garmaho, kuma wajen saurin karanta bayanai da kyar yake wuce mega 100 a daƙiƙa da wani abin kirki. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, mai tsohon nau'in mahaɗi da ake kira SATA yana kai 500 zuwa 550. Rashin motsin nan ne ya sa girgiza ba ta dame shi ba, ga mu da ɗaura kwamfuta a bayan babur kan hanyar burji. Batir ma ya ɗan ƙara jimawa, abin da mai dogaro da sola ya san darajarsa.

HDD mai tera 1 kuwa na taɓa saya, na hannu. Wata biyar ya fara ƙyas-ƙyas, ya tafi da hotunan bikin mutane. Yana ɗaukar kaya da yawa, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Kafin ka ba da kuɗi a buɗe bayan laftof ɗin a ga irin mazaunin da take da shi. Tsofaffi na inci 2.5 suke ɗauka, mai kama da ɗan akwati. Sababbi suna da ramin M.2, siriri kamar ƙaramar rula, kuma a nan ma akwai na SATA akwai na NVMe, sabon nau'i mai sauri, wani ramin ɗaya kaɗai yake karɓa. NVMe na iya haura mega 3,000, amma a aikin Word da intanet ba za ka ji bambancin ba, kada a tsorata ka da lambobi. In RAM ɗinka, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, giga 4 ne, wannan wata magana ce daban, ka tara kuɗinta.

Sai batun masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. In ka shiga birni, ka sani akwai masu mayar da tsohon SSD cikin kwali su ce sabo ne. Ka ce a jona shi a gabanka a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, zai nuna lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki. Sabo ba ya zuwa da awa dubu. Akwai kuma na jabu da ke nuna tera 1 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sai ka zuba kaya su lalace. Duk SSD mai tera 1 da aka yi maka kuɗin mai 256, ajiye musu abinsu. Nemi Samsung, Crucial, Kingston ko WD, su ma ana kwaikwayon tambarinsu, don haka ka karɓi rasit mai lambar kayan. Amma in ka ga 256 ya nuna 238 kada ka ɗaga murya a shagon mutane, haka Windows ke lissafi.

Tsohon HDD ɗinka kada ka bar wa mai gyara. Sayi ɗan gidansa mai wayar USB ka zuba masa bidiyo da hotuna, ka kuma riƙa kwafe muhimman takardu a ciki duk Juma'a, domin SSD in zai mutu ba ya yin wata ƙara, shiru kawai za ka ji.