Takin nano a kan 'ya'yan ayaba: na gwada, ga yadda muka kwashe

Jama'a tunda ana ta tambayata kan wannan nano yuriya ta ruwa, bari dai in faɗi abin da idona ya gani. 'Ya'yan ayaba ne na dashe, waɗanda aka tsirar a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, irin Grand Naine, na karɓo su 'yan mitsi-mitsi, sai na raba su gida biyu, wasu a leda da zallar ƙasar gona, wasu kuma a haɗin kokopit, wato garin ɓawon kwakwa, da takin tsutsar tana da ɗan yashi. Feshi kuwa iri ɗaya na yi musu duka, mililita 2 zuwa 4 na nano ɗin a litar ruwa kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar.

Shi nano ɗin ai ƙanƙantar ƙwayar takin ake nufi, wadda ba ta wuce nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), shi ya sa take iya shiga ta 'yan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, kuma yawancin ƙofofin nan a bayan ganye suke. To in za ka fesa ka juya bakin famfon ta ƙasa, da sanyin safiya ko yamma lis.

Gaskiya ganye ya yi kore, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma da na farke leda ɗaya daga kowane ɓangare sai jikina ya yi sanyi. Ta kokopit saiwa fara tas, ta nannaɗe ledar har tana neman ɓullowa ta hujin ƙasa. Ta zallar ƙasa kuwa, ƙasar ta dunƙule kamar tubali, ruwa na kwanciya a kai, saiwar ta yi duhu tana wani wari-wari, ka taɓa ta ta tsinke. Feshi ɗaya fa suka sha! Kenan aikin na wurin da saiwa ke zaune ne, ayaba tana son danshi amma ba ta yarda da kwanciyar ruwa.

Wani kuskurena, kokopit ɗin farko ban wanke shi ba, ashe yana zuwa da gishiri, bakin ganyayyaki ya ƙone. A jiƙa shi a ɗauraye sosai tukunna.

Inda na yi ƙorafi shi ne cika bakin mai sayarwa, wai kwalba ɗaya ta isa ka manta da buhu. Haba malam. Yuriya ta buhu naitirojin ɗinta kashi 46 ne cikin 100, wannan kuwa kashi 4, kwalbar rabin lita giram 20 kacal kenan. Sannan ayaba mayyar sinadarin fotashiyam ce, shi kuma nano ɗin babu ko ɗigo a cikinsa, da tsofaffin ganyen suka fara rawaya-rawaya daga gefe dole na koma na nemo takin fotash na zuba a ledar.

Zan sake saye? Eh, amma don reno kawai, kafin su kai ganye biyar ko shida in kai su gona. Daga nan kuma sai buhu.