Copaxone ko Avonex: Borin Jini a Allurai Biyu na Cutar MS

A cutar MS (multiple sclerosis), garkuwar jiki ce ke afka wa rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kuma Copaxone da Avonex suna cikin alluran da aka daɗe ana amfani da su domin rage tashinta.

Ana yin Copaxone a ƙarƙashin fata kullum, ko sau 3 a mako. Wasu kan ji bugun zuciya, ƙuncin ƙirji da ɗumin fuska jim kaɗan bayan allurar, abin da kan lafa da kansa cikin mintuna. Sai dai a Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ɗora wa maganin gargaɗi mafi ƙarfi saboda borin jini mai tsanani, wanda galibi kan taso cikin awa guda, ko da an shekara ana allurar lafiya. Haɗarin shi ne alamomin wannan bori da waɗancan masu lafawa da kansu suna kama da juna da farko, don haka kumburin fuska ko maƙogwaro, ko numfashin da ke ƙara tsananta, na buƙatar asibiti nan take.

Avonex kuwa a tsoka ake yin sa sau ɗaya a mako. Irin wannan bori ba kasafai yake faruwa ba. Damuwarsa ta fi karkata ga zazzaɓi, ciwon jiki kamar na mura, da buƙatar riƙa gwada lafiyar hanta.