Gargaɗi ga masu ɗaukar hoto: an raba ni da naira 455,000 a kan gilashin kyamara

Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan bayani ina gogewa, domin abin kunya ne a ce mutumin da ya shekara tara yana ɗaukar hoton biki a Kano, wanda yara masu tasowa suke zuwa wurinsa neman shawara kafin su sayi ko da batiri, shi ne aka yi wa sakiyar da ba ruwa. Naira 455,000 ne suka tafi, kuɗin da na tara tun daga bukukuwan bayan ƙaramar sallah, kuma da hannuna na tura su, babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya.

Ina so a fahimci cewa ba da ka na shiga cinikin nan ba. Kyamarata Canon 6D ce, kuma na daɗe ina aiki da ƙaramin gilashin nan 50mm f/1.8 STM, wanda ba shi da wani laifi, sai dai a zauren biki da daddare raina yana son abin da ya fi shi shigar da haske, wato mai lambar f ƙasa da tasa. Na yi wata biyu ina auna guda uku. Canon 50mm f/1.2L mai jan zobe ban ma tsaya a kansa ba, domin ya fi ƙarfin aljihuna. Canon 50mm f/1.4 USM kuwa kuɗina sun isa, na ma ga na hannu a nan Kano na riƙe shi, amma ƙirar 1993 ce, kuma duk mai sana'a ya san idan gabansa ya ɗan bugu sai saitinsa, wato abin da ke daidaita hoto ya fito tar, ya cije. Zuciyata tana kan Sigma 50mm f/1.4 Art wanda ya fito a 2014, domin ko an buɗe shi gaba ɗaya idon amarya yana fitowa tar. A daidai wannan gaɓa ce mutumin da ya damfare ni ya bayyana a wani zauren masu hoto na WhatsApp, ya ce yana da Sigma Art na hannu, mai tsabta, zai bayar a naira 420,000 saboda yana son komawa kyamara marar madubi.

Na san za a ce arhar ta isa ta sa ni shakka, kuma na yi shakkar. Shi ya sa na yi masa tambayoyin da ɗan damfara bai kamata ya iya amsawa ba. Na tambaye shi faɗin bakin gilashin, ya ce milimita 77. Na tambaye shi nauyi, ya ce giram 815, har ya yi dariya ya ce idan na wuni da shi a wurin kamu sai wuyana ya gaya mini. Shi ne ma ya fara kawo maganar raunin saitin Canon f/1.4 kafin in ambata. Ya ce shi ɗan arewa ne, neman abinci ya kai shi Agege a Legas, kuma Hausarsa ba ta da gargada ko kaɗan.

Abin da ya kasa fita daga raina shi ne kiran bidiyon. Ya ɗaga gilashin a gabana, ya haska fitilar waya ta cikinsa domin in ga babu ƙura babu fumfuna, ya ɗaura shi a kyamara ya ɗauki hoton kwalbar ruwa ya turo mini. Muna cikin haka aka kira sallar magariba, sai ya ce, “Maigida, ka yi mini afuwa, bari in yi sallah in dawo, ciniki ba ya gudu.” Wannan kalma ita ce ta kwance ni. Na ce a raina mutumin da zai bar mai saye a kan layi ya tafi masallaci ba zai ci haram ba. Har yanzu idan na kwanta muryarsa nake ji yana cewa ciniki ba ya gudu, kuma bayan isha'i na wannan dare na tura masa naira 250,000 kafin alƙalami.

Ko da yake kafin wannan, ko washegari ne, kwanakin sun cakuɗe mini, ya ce kada in tura kuɗin asusunsa saboda yana da matsala, in tura na ƙanensa. Sunan da ya fito daban yake da wanda ya gaya mini, na gani da idona, na kuma danna. Ranar Laraba ya turo hoton kwali an naɗe da salatif an rubuta sunana da lambata, ya ce direba ba zai karɓa ba sai an biya naira 35,000 na aike da kulawa, na tura. Ranar Alhamis ya turo hoton rasit ya ce kaya sun hau mota, in cika masa naira 170,000 domin matarsa tana asibiti. Matata ta ce in dakata sai kaya sun iso, na ce mata ba ta san sana'ar ba. Naira 250,000, da 35,000, da 170,000, jimla 455,000.

Kwalin ya iso kuwa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da na karɓe shi a tasha na auna shi a tafin hannuna, na ji nauyin da nake tsammani, har na yi wa yaron motar kyauta. A gida na yanke salatif ɗin, na ɗaga tsummokaran da aka cusa, sai ga tsohon Canon 50mm f/1.8 II, mai gindin roba, wanda nauyinsa giram 130 ne kacal, cikinsa ya yi fumfuna kamar saƙar gizo-gizo. A ƙarƙashinsa an naɗe fasassun tayil guda uku a cikin tsohuwar jarida. Wato nauyin da na tambaye shi domin in gwada shi, shi ne ya auna ya cika mini da tayil. Na kira lambar, a kashe. Na duba zauren, ya fita tun daren Alhamis, kuma wanda ya saka shi ya ce shi ma bai taɓa ganinsa ido da ido ba.

Na kai ƙorafi banki, na kuma kai rahoto wurin 'yan sanda, an karɓi bayanina an ce in jira. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin sau uku da hoton tayil ɗin duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin da bai kamata a gani ba. Kada kowa ya tura ko kwabo sai gilashi yana kan kyamararsa ya gwada da hannunsa, kuma idan sunan asusu ya saɓa da na mai kaya a fasa. Ina da biki ranar Asabar, kuma da ƙaramin f/1.8 ɗin da na raina zan je, shi kuwa Canon f/1.4 ɗin da na riƙe a hannuna na ajiye, jiya na koma aka ce an sayar.