Kalandar tarihin da na sayo, da abin da na gani a shafin Maris

Jama'a wata kalanda ce ta bango na sayo a wani shagon littattafai a kasuwar Sabon Gari, irin wadda kowace rana an rubuta abin da ya faru a ranar a zamanin da, wajen ƙarni na 7 zuwa na 15. Don yarana na saya tunda babban ya fara tambayar tarihi, amma gaskiya ni na fi su karanta ta. Yanzu muna shafin Maris, shi zan yi magana a kai.

Farko dai hoton da ke saman shafin ya ban dariya, an rubuta "farkon bazara" sannan aka sa furanni da ciyawa kore shar, to mu bazararmu ai zafi ne da ƙura da neman inuwa, da gani ka san daga ta Turawa aka kwaso tsarin. Ban damu ba sosai, rubutun nake bi.

Kuma rubutun akwai abu. Ranar 4 ga wata rasuwar Salahuddin Ayyubi ce a Dimashƙa a 1193, har sun kawo abin da ya fi taɓa ni, wai mutumin da ya karɓo Ƙudus a 1187 ya mulki Masar da Sham amma da aka duba taskarsa dinari 1 da dirhami 47 kawai aka samu, duk ya rabar, ko kuɗin jana'izarsa bai kai ba. Na karanta wa maigida ya yi shiru can ya ce Allah Ya jiƙan maza. Ranar 24 halifa Haruna Rashid, ya rasu a garin Ɗus da ke Iran ta yau a 809. Ranar 17 rasuwar malamin tarihi Ibn Khaldun a Alƙahira 1406, layi ɗaya tak suka ba shi, ko ambaton cewa yana cikin waɗanda suka rubuta jerin sarakunan Mali da labarin Mansa Musa ba su yi ba, alhali wannan ne zai sa yaronmu ya ji abin ya shafe shi. Ranar 31 kuma dokar da sarki Fadinan da sarauniya Izabela suka sa wa hannu a Garnaɗa a 1492 ta korar Yahudawa daga Sifen, wata uku bayan garin ya fita hannun Musulmi.

Inda na yi fushi shi ne ranar 13. Sun rubuta yaƙin Badar, 13 ga Maris 624, shikenan, babu 17 ga Ramadan babu shekara ta 2 bayan hijira. Haba! Wane Bahaushe ne ya san Badar da watan Maris? Yarinyata da ke Islamiyya sai da ta ce Mama kalandar nan ta yi kuskure, na zauna ina mata bayanin cewa lissafi biyu ne. Duk kalandar haka take, ba kwanan watan Musulunci ko ɗaya, kuma ba su gaya wa mai karatu cewa ranakun kafin 1582 da tsohon lissafin Turawa aka ƙidaya su ba.

Sannan Afirkarmu kusan babu. A wannan watan ne fa na 1591 sojojin Maroko ƙarƙashin Judar Pasha suka karya daular Songhai a Tondibi kusa da Gao da bindigogi, zamanin Askiya Ishaƙ na biyu. Da na koma shagon na faɗa wa mai shagon sai ya ce Hajiya ai wannan ya wuce ƙarnin da aka ɗiba. To na yarda, amma sai a nemo mana wani.

Takardar ba ta da kauri, wayar da ke riƙe ta har ta fara buɗewa, kuma babu ƙ da ɗ a rubutun, ƙarni ya zama karni. Mai shagon dai mutumin kirki ne, ya canza min ta farko da na samu shafin Yuli ya maimaitu ba tare da gardama ba. In za ka saya ka buɗe kowane shafi a gabansa, kuma ka tanadi biro, ni tuni na rubuta 17 ga Ramadan a gefen ranar 13.