Bakaniken da ya duba min Mustang Mach 1 ta 1969

Ban taɓa biyan kuɗin duba mota na ji sun halatta kamar na wannan bawan Allah ba, duk da cewa akwai inda ya ɓata min rai. Motar, ƙirar kamfanin Ford, tana wata jiha, ni ina Texas a Amurka, shi ya sa na ɗauke shi ya je ya gano min ita kafin na ba da kafin alƙalami.

A hoto ba ta da makusa. Mai ita ya ce injin 428 Cobra Jet ne tun daga kamfani, kuma harafi na biyar a lambar shasin da ke bayan gilashin gaba R ne, wanda shi ne shaidar wannan injin. Farantin ƙofa ma 63C yake nunawa, lambar jikin Mach 1. Har takardar Marti ya turo min, wadda ake cirowa daga kundin Ford don nuna yadda mota mai wannan lambar ta fito daga kamfani. Wallahi zuciyata ta riga ta saya.

Bakaniken ya ce duk ya gani, amma sai an sassauta fenda ya leƙa lambar da aka buga a jikin ƙarfen ciki. Mai motar ya ƙi, wai za a karce masa fenti. Shi kuma ya kafe, ya ce in babu wannan ba zai sa hannu a komai ba. Da ƙyar aka kwance. Harafin da ke ciki F ne, wato injin 302, alhali Mach 1 ta 1969 daga injin 351 ta fara. Sauran lambobin ma ba su yi daidai da na gaban gilashi ba, ga ƙusoshin farantin sababbi fil. Ashe gangar jikin wata mota aka yi wa ado da farantin wata. Takardar Marti gaskiya ta faɗa, sai dai labarin lambar take bayarwa, ba na ƙarfen da aka liƙa mata ba. Da ya kira ni yana bayani, jikina ya yi sanyi, domin kuɗin da na tara shekara da shekaru ne za su tafi.

To amma fa rahotonsa bai biya ni ba. Na biya cikakken dubawa, har da tuƙin gwaji da ɗaga mota a duba tsatsar ƙasa. Yana ganin lambar nan sai ya tattara kayansa. Babu bayanin birki, babu na giya, bai ko ɗora maganaɗisu ya gano inda aka cika fila ba. Hotunan ma sai da na yi ta bibiya kafin ya turo, rabinsu duhu. Na nemi ya rage min wani abu, ya ce aikinsa ya gama. Wannan ya ƙona min rai ƙwarai, don bayanin zai amfane ni a kan ta gaba da zan nema.

Zan sake kiran sa, amma sai mun rubuta abin da zai duba ɗaya bayan ɗaya kafin ya karɓi ko sisi.