Digirin kwamfuta da na yi: uku cikin biyar na ba shi

Ƙanena ne ya dame ni wai ko ya cike kwas ɗin kwamfuta a JAMB, shi ne na ce bari kawai in rubuta yadda na ga abin, tunda na gama a wata jami'a a nan Kano kuma yanzu wata na bakwai kenan ina rubuta manhaja a wani ɗan kamfani.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne rubuta kod a takarda. Yaren kod na Java fa, da biro! Ka haddace handawut ka zazzage a jarabawa ka ci A, alhali ko sau ɗaya kod ɗin bai taɓa hawa kwamfuta ba balle ka san yana aiki ko ba ya yi. Lab ɗinmu mutum biyar kan inji ɗaya, ɗaya na dannawa huɗu na leƙe, kafin layi ya zo kanka an ɗauke wuta.

Ranar farko a wajen aiki oga ya ce "Malam, in ka gama ka tura GitHub", wallahi na ce to amma gumi ne ya karyo min. GitHub shafi ne da ake ajiye kod ta hanyar manhajar Git, kuma Git ɗin nan tun 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi, amma har muka fita babu malamin da ya ambace shi a aji. Ɗan yaren kod na JavaScript ɗin da ya sa aka ɗauke ni ma a YouTube na koya lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas ina ɗaki ina ƙona data. SIWES kuwa, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, hoto-kwafi na sha yi.

Amma fa kar in ci amanar karatun. Darasin databes (rumbun ajiye bayanai) da na algoridim (matakan warware matsala) da muke ta ƙorafi a kansu, su suka fitar da ni kunya ranar da manhajar wani mai shago a Kwari ta riƙa jan ƙafa, abokin aikina da ya yi butkam, wato gajeren horon kod na wata uku, ya rasa ta inda zai kama, ni kuma na gane teburin kaya na databes ɗin ne babu indes, abin da ke sa a nemo bayani da sauri. Minti goma aka gama.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu CCMAS a ƙarshen 2022, wadda ta bar wa jami'o'i kashi 30 su tsara da kansu, mu dai ba ta same mu ba.

Na ce wa yaron ya cike, amma kafin rijista sai mun leƙa titin Beirut mun samo masa laftof ko ta hannu ce, matuƙar batirinta na riƙe caji.