Ɗakin binciken ruwa da fadamu na jami'armu: yadda na same shi

Tun da aka fara sayar da fom ɗin digiri na biyu, 'yan baya suke tare ni a hanya suna tambaya ko su nemi shiga rukunin Farfesanmu, wato masu nazarin ruwa da halittun da ke rayuwa a cikinsa. Bari in amsa musu gaba ɗaya a nan. Ba zan kama sunan jami'ar ba, domin akwai ƙorafi a bakina, kuma har yanzu ban karɓi sakamako ba. A taƙaice dai, wuri ne da za a koya maka aiki har ya zauna maka a hannu. Amma idan na'urori masu ƙyalli kake nema, ka ƙara gaba.

Shigar ba ta da wahala sosai. Za ka rubuta shafi biyu kan abin da kake son bincika, Farfesa ya kira ka ofis ya yi maka tambayoyi. Cikin tambayoyin har da "Ka iya ruwa?" Da yawa dariya suke yi, shi kuwa ba wasa yake ba, domin rabin aikin a cikin kwale-kwale ake yin sa.

Filin aikinmu shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. Wannan shi ne babban abin da ɗakin yake da shi, kuma ba kuɗi ne ya saya musu ba. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma su ne na farko a Najeriya. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja. A da, ambaliya ce da damina, a bushe da rani. Yanzu wasu magudanan ba sa ƙafewa duk shekara, abin da kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan, take so ke nan. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare laka, ruwa ya karkata ta Marma ya yi wa wasu garuruwa yawa har ya ci gonaki, wasu kuma nasu kogin ya bushe. Cikin kachallar nan tsuntsayen jan baki suke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Duk wannan na karanta shi a aji, amma sai da wani masunci a wajen Nguru ya nuna mini da sandar tuƙi inda yake jefa birgi da ƙuruciyarsa, wurin da yanzu ciyawa ta fi tsawon mutum, sannan na gane abin da ake nufi.

Wanda ya riƙe ɗakin a zahiri ba Farfesa ba ne, dattijon ma'aikacin gwaje-gwaje ne da kowa ke kira Baba. Muna da ƙaramar na'urar hannu mai auna zafin ruwa, da pH (wato ma'aunin tsamin ruwa), da yawan gishirin da ya narke, da iskar oksijin. Baba ba zai bar ka ka fita da ita ba sai ka daidaita ta a gabansa da ruwan gwaji mai pH 4 da mai 7 da mai 10. Game da oksijin kuwa, sam bai yarda da na'urar ita kaɗai ba. Tsohuwar hanyar Winkler yake sa mu bi. Za ka nitsa kwalba mai murfin gilashi cikin ruwan a hankali, kada kumfar iska ko ɗaya ta maƙale. Nan take, kana cikin kwale-kwalen yana rawa, ka ɗiga sinadari na farko da na biyu, ka rufe, ka juya kwalbar sama da ƙasa. Sai wani gari-gari ya taso ya fara kwanciya. Idan ya yi ja-ja kamar ƙasa, ruwan yana da iska. Idan ya fito fari fat, Baba zai girgiza kai ya ce, "Ɗana, nan ƙarfasa ba za ta zauna ba, sai dai tarwaɗa da gaiwa." Su waɗannan suna iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa. Bayan an koma ɗaki a zuba asid, a sa ɗan sitaci ruwan ya koma shuɗi, ka yi ta ɗiga wani sinadarin ɗigo-ɗigo har launin ya ɓace. Ruwa mai lafiya ga yawancin kifi yana buƙatar wajen miligiram 5 a kowace lita. A tsakiyar kachalla da asuba, abin da muke samu yakan yi ƙasa da haka nesa, domin tsirrai da ruɓaɓɓen ganye sun kwana suna shanye iskar.

Wannan horon kaɗai ya isa dalilin shiga. Haka ma zaman mako-mako, inda kowa zai kawo alƙalumansa a baje, a yi masa ca. Ba a raga wa kowa, har masu digiri na uku.

To, sai ƙorafi. Na farko wuta. Akwai gwajin da ake kira BOD, wanda ke nuna yawan ƙazantar da ke ruɓewa a ruwa. Ƙa'idarsa a ajiye kwalba cikin duhu kwana 5 a ma'aunin zafi 20 ba tare da ya motsa ba. A watan Afrilu kuma, zafin gari ya haura 40, a ɗauke wuta da tsakar dare, janareto babu mai. Da safe ka buɗe akwatin sanyin da aka ajiye kwalaben ka ji shi da ɗumi, ka san aikin ya tashi a banza, kuma samfurin daga nisan ɗaruruwan kilomita aka ɗauko shi. 'Yar solar da ke akwai firji ɗaya kawai take iya riƙewa, shi ma cike yake da kwalaben mutane. Samfurin da za a duba ƙwayoyin cuta a ciki kuwa ba ya jira. A cikin kular ƙanƙara ake taho da shi, kuma so samu a yi aikinsa cikin awa 6, in ya yi tsanani kada ya wuce awa 24.

Na biyu, na'urar auna ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam. Tana nan a kusurwa an lulluɓe ta da zane. Kowane ƙarfe da irin fitilarsa, ga gas da ake buƙata, kuma ba kullum ake da su ba. Wata 'yar ajinmu da ke bin ruwan da masana'antun jima na Kano suke saki, dole ta riƙa kai samfurinta wani ɗakin gwaji a waje, ana cajin ta kan kowane ƙarfe a kowace kwalba. Daga aljihunta. Ba a gaya mata haka ba ranar da aka amince da batun bincikenta, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi a duk tsarin. Iyakar dalma a ruwan sha bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 0.01 ne a lita, adadin da ba a gane shi da ido ko da ƙaramar na'ura. Ƙasar da ta ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata ɗakunan bincikenta su rasa wannan ba.

Dogayen takalman roba ma ba su isa ba, ga shi ruwan yana da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya. Ka sayi naka kafin fita ta farko, kada ka biye wa masu cewa ai minti biyu ne kawai. Farfesa kuma mutumin kirki ne, gyaransa a takarda yana da ma'ana, sai dai tarurruka sun yi masa yawa. Babi ɗaya yakan daɗe a teburinsa.

Mai son ofis da fanka ba zai ji daɗin nan ba. Wanda kuwa zai iya tashi kafin kiran assalatu, ya zauna da masunta da manoman fadama ya saurare su, na ba shi shawara ya nema. Amma kafin ka sa hannu, ka tambayi Farfesa kai tsaye wa zai biya kuɗin sinadarai da na mota, sannan ka je wurin Baba ka tambaye shi waɗanne gwaje-gwaje ne ake iya kammalawa a cikin ɗakin ba tare da an fita waje ba. A kan amsar Baba za ka gina batun bincikenka.